Hurumin Kogi

Daga Allah muke, kuma gare Shi Baba ya koma, ranar wata Laraba da hantsi, cikin bazara, ana sharar gona ana duban gabas ko hadari zai haɗo. Kafin azahar an kai shi. Ni 'yarsa ce, ta biyu a wurinsa, ina aure a Kabo. Ƙauyenmu yana tsakanin Gwarzo da Kutama, a bakin wani kogi da ba ya ruwa sai da damina.

Mun yi zaman makoki kamar yadda ake yi. Maza a ƙofar gida, mu a tsakar gida, tabarmi har bakin madafa. Kowa ya zo da abin da ya riƙe game da shi. Tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda suka tashi tare da Baba, ta shigo tana dogara sanda, ta zauna da ƙyar ta ce, "Allah ya jiƙan Na-Teku. Yau kuma wa zai tare mu a hanyar rafi yana mana masifa a kan ciyawa?" Mata suka yi dariya, ita ma ta yi, sai kuma ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata mata daga rugar da ke hayin kogi ta ajiye ƙwaryar nono a gabana, ba ta iya dogon zance ba, ta ce shi ya gyara musu mashayar shanu, ta tashi. An ce a waje akwai wani magidanci mai ɗingishi da ya zauna nesa da mutane yana kuka kamar ubansa ne ya rasu. Na san ko wane ne, zan zo kan labarinsa.

Mafi yawan masu gaisuwa cewa suke, "Mutum mai haƙuri." Ina amsawa da amin. Amma Baba ba mai haƙuri ba ne, kuma sun sani. Abin da ake faɗa wa kowace gawa ke nan. Mutum ne mai faɗa, mai naci, wanda idan ya kama magana ba ya sakin ta sai an bar masa wurin.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne Baffa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kuma shi ne mai unguwarmu. An ce sai da aka riƙe shi a maƙabarta. Na yarda kukan gaskiya ya yi. Wannan ne ma ya fi yi mini nauyi, domin da na san na ƙarya ne da abin da zan rubuta ya zo mini da sauƙi.

Karatuna ba mai zurfi ba ne. Firamare na gama, sai Islamiyya, inda yanzu nake koyar da yara. Na ɗauki alƙalami ne don na ga an fara mayar da Baba abin ba da labarin ban dariya, tsohon nan mai faɗa da masu yashi. Ina so ya zama akwai inda aka ajiye shi yadda yake.

Sunan Na-Teku ya samo asali ne daga zaman da ya yi a kudu. Bayan babban farin nan da ya kashe shanu ya kori maza daga gida, Baba ya tafi Ikko, ya samu aikin gadi a wani wurin ajiye katako da ke bakin teku. Ya daɗe a can, yana zuwa mana da azumi. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rufe wurin, aka sallame su. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da rediyo, da tocila, da kuma labari guda wanda ya yi ta bayarwa har ya koma ga Allah.

Labarin shi ne, lokacin da ya fara gadi, tsakanin ɗakinsa da ruwa akwai layin bishiyoyin kwakwa, akwai rumfunan masunta, akwai ma filin da yara ke ƙwallo. Sai aka fara kwasar yashin bakin ruwan ana kai wa masu gini. Kwale-kwale na ɗiba, motoci na ɗiba. Shekara ta zagayo, filin ƙwallo ya tafi. Rumfuna suka bi. Kwakwar ta riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya, saiwarta a waje. A shekararsa ta ƙarshe, idan teku ta yi fushi, har cikin ɗakin gadi igiyar ruwa ke shigowa ta jiƙa masa buzu.

"Masuntan nan sun ce teku ce ta ƙaru," in ji shi. "Masu yashi sun ce ikon Allah ne. Ni dai ina zaune ina kallo, na ga abu biyu ne suka haɗu. Ruwa ya ƙara ƙarfi, mutane kuma sun cire masa abin da ke tare shi."

Idan ya kai nan, sai wani a majalisa ya ce, "To Malam, mu nan ina muka ga teku? Kogin da kare ke tsallakewa da rani?" A yi dariya. Shi kuma ya ce, "Ku jira shi da marka."

Ni ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake ce mini. Tun ina budurwa, idan aka yi ruwa mai ƙarfi, da safe zai leƙo ya ce, "Uwata, zan je in gaida kogi." Haka yake faɗa, kamar mai zuwa dubiya. Zai bi gaɓa tun daga gonarsa har bayan tsohuwar maƙabarta, da sandarsa mai ƙarfe a gindi. Wani lokacin in na kai masa fura gona sai in tarar da shi a kai. Yakan soka sandar a ƙasa ya jijjiga. Inda ta tsaya cak, ya ce, "Nan da ransa." Inda ta nutse ba wuya, ya ce, "Nan ya fara mutuwa." Yana duba tsagar da ke fitowa a saman gaɓa, yana duba saiwar bishiya ko ta fito fili, yana kwantawa rub-da-ciki ya leƙa ya ga ko ruwa ya rarake ƙarƙashi. Ya ce da ni mutane saman gaɓa suke kallo su ce lafiya lau, alhali ta ƙasa take ciwo.

Ya kasa bakin kogin nan kashi-kashi a kansa, kamar yadda uwa ta san 'ya'yanta. Ya san inda ke da laka mai riƙo, ya san inda yashi ne zalla aka lulluɓe da ƙasa, ya san kwanar da ruwa ke dukanta kai tsaye idan ya taho. A wuraren da ya ce masu rauni ne ya dasa jema, ciyawar nan mai dogon saiwa da ake saƙa faifai da ita. A kanta yake faɗa da mata. Bai hana a yanka ba, tumɓukewa ce ba ya so. "Ku aske mata kai, ku bar mata ƙafa!" Haka yake ɗaga murya, har a cikin gari ana jin sa.

Damina ma ya ce ta sauya hali. A da, in ji shi, ruwa kan kwana yana zuba a hankali, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Yanzu sai a yi ta jira har shuka ta fara naɗewa, sannan a sako na wata guda a yini ɗaya. Ƙasa ba ta iya shanyewa, duk sai ya gangara kogi da gudu. "Ruwan yanzu ba ya sallama," in ji shi.

Ba kullum yake yin daidai ba, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai shekarar da ya rantse cewa damina ba za ta fita ba sai kogi ya cinye rijiyar unguwa. Ya tayar da hankalin kowa, ya sa aka fara haƙa wata, shi da kansa ya kwashe rumbunsa ya mayar tudu. Damina ta zo ta wuce, ko taku ɗaya gaɓar wurin ba ta matsa ba. Rijiyar tana nan har yau ana sha. Wannan kuskuren ya bi shi har kabari. Duk lokacin da ya buɗe baki a kan kogi, sai wani ya ce, "Malam, ya labarin rijiya?" A gida ya taɓa ce mini, "Na san zai ci, Uwata. Inda zai fara sa baki ne ban sani ba."

Motocin tifa sun fara shigowa ne a shekarun matsi. Taki ya yi tsada, gyaɗa ba ta kuɗi, samari na zaune a gindin bishiya. Sai ga masu gidajen bulo daga birni suna neman yashi, kuma namu mai kyau ne, wankakke. Baffa, a matsayinsa na mai unguwa, shi ya ba su izini. Yayana, ɗan farin Baba, shi ya zama mai tara lebura yana kula da lodi. Gaskiya gidaje da yawa sun ci abinci da yashin nan. Yaya ya yi aure da kuɗin yashin, ya rufa ɗakinsa da kwano. Ba na cewa mugunta ce ta sa suka fara.

Da farko tsakiyar kogi ake ɗiba, Baba bai ce komai ba. Da na tsakiya ya ƙare, aka matso gindin gaɓa, aka fara sa shebur a ƙarƙashin jemarsa. Ranar ya je gidan Baffa. Ina can na kai wa matarsa saƙo, na ji su ta zaure.

"Mai unguwa," in ji Baba. Ba ya kiransa haka sai ransa ya ɓaci. "Wa ya ba ka gaɓa har ka sayar?"

"Haba Malam, zauna mana. Yashi ne fa. Damina ɗaya ta mayar da shi."

"Wanda ake kwasa a yini, shekara ba ta mayarwa."

"To in ce da yaran nan me? Su ci jema?"

"Ka ce su koma tsakiya, su gangara ƙasa inda babu gida babu kabari."

"Can mota ba ta shiga. Kai dai tun da ka ga teku ka dawo kake ganin ta a cikin kowane kwatami. Gaɓar nan kakanninmu suka tarar, jikokinmu za su bar ta. Ko ka manta rijiya?"

Baba ya tashi ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya ce, "Uwarmu tana kwance a bayan wannan gaɓar." Baffa ya ce, "Uwarmu tana hannun Allah." Daga ranar sai gaisuwa a masallaci. Yaya kuwa, Baba bai taɓa yi masa faɗa gaba da gaba ba, kunyar ɗan fari ta hana. Sai dai ya ce da ni, "Ki gaya wa yaron nan ya ji tsoron Allah." In na gaya masa, Yaya ya ce, "Ki ce masa na ji." Haka na zama hanya tsakaninsu, saƙo na zuwa, babu abin da ke sauyawa.

Amma leburorin ba su taɓa ganin baƙin ransa ba. Idan rana ta take, yakan sauka da tulun ruwa ya ajiye musu a inuwa. Yana ce musu, "Ba da ku nake ba, yunwa ce ta aiko ku. Amma kada ku shiga ƙarƙashin inda ya rarake." Wata rana da rani gaɓar ta rufto a kan ɗayansu. Sauran suka watse da gudu suna salati. Baba, da tsufansa, shi ya fara durƙusawa yana tono da hannu, domin ya ce shebur zai sare shi. Aka ciro shi da rai, ƙafa ta karye. Baba ya sa aka kai shi wurin mai ɗori, ya yi ta aika masa da hatsi har ya miƙe. Shi ne mai ɗingishin da ya zauna nesa da mutane. Bayan ya warke ya koma lodi, don ba shi da wata sana'a, Baba kuma bai taɓa goranta masa ba.

Makiyayan hayi ma haka. Shanunsu na farfasa gaɓa idan za su sha ruwa, mutane suka zuga shi ya kai ƙararsu. Ya ƙi. Ya zaɓi wuri guda mai tauri, ya yi makonni yana jido duwatsu da jaki, ya shimfiɗa musu gangare. Ya ce saniya ba ta san hurumi ba, sai an nuna mata hanya.

Wannan kalma, hurumi, ita ce kalmar Baba. Ya ɗauko ta ne a karatun zaure, wurin wani malami da ya yi wa almajiranci da girmansa bayan ya dawo daga kudu. A nan ya ji cewa a shari'ar Musulunci rijiya tana da hurumi, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a gini ba a tono a cikinsa. Bishiya tana da nata, hanya tana da nata, kogi ma yana da nasa a kowane gefe, kuma ba na kowa ba ne balle a sayar. Ranar da ya ji wannan ya dawo gida kamar an yi masa bushara. "Ashe abin da nake ta faɗa yana cikin littafi, Uwata! Ashe ba haukata ba ce!"

Saboda haka da aka ce za a ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ban ga wanda ya kai Baba murna ba. Ya ɗinka sabuwar riga. Ya yanka zakara. Ya ce yanzu magana ta ƙare, tun da dokar da za a bi ta san kogi yana da haƙƙi. A lokacin nan, Inna, mahaifiyarmu, ba ta daɗe da rasuwa ba, an binne ta a tsohuwar maƙabarta, ta ɓangaren da ke kallon ruwa. Abin ya ƙara zama masa na jiki.

A yankinmu an kafa wani kwamiti na malamai da dattawa, masu sauraron koke suna sasanta mutane. Sun yi aiki, ba zan hana su ba. Sun raba gado, sun hana caca a kasuwa, sun sa an gyara mudu. Baba ya sa sabuwar rigarsa ya je gabansu. Ban je ba, shi ya ba ni labari, kuma kullum iri ɗaya yake bayarwa. Suna zaune a barandar masallacin Juma'a da aka faɗaɗa. Ya yi bayani tun daga teku har zuwa jema. Suka saurare shi da ladabi. Wani malami a cikinsu ya ce tabbas haka hukuncin yake, har ya ƙara masa da abin da bai sani ba. Zuciyar Baba ta yi sanyi. Suka ce ya dawo bayan sun yi shawara.

Da ya koma, shugabansu ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce. Sai dai harkar yashi da ƙasa tana da masu ita. Wannan ba huruminmu ba ne."

Baba ya ce ya tsaya yana kallon bakinsa. "Na kawo musu hurumi, Uwata, suka ce ba huruminsu ba ne. Da kalmata suka kore ni." Da zai fito, ya dafa bangon barandar don ya sa takalmi, sai ya ji yashin shafen a tafin hannunsa. Ya gane shi. Masu tifa ne suka ba da shi sadaka lokacin ginin. Bai ce an saye kowa ba, ni ma ban ce ba. Ya dai ninke rigar nan ya sa a akwatin ƙarfe, ban sake ganin ta a jikinsa ba.

Bayan wannan ya rage magana. Yana zuwa gaida kogi, amma ya daina tare mutane. Sai wata marka aka yi ruwa irin wanda yake faɗa, na yini guda. Da gari ya waye, kusurwar tsohuwar maƙabarta ta tafi. Ba zan bayyana abin da aka gani a cikin kogi ba. Maza suka tattara abin da suka samu, suka sake suturtawa. Babu wanda ya ce da Baba ya labarin rijiya, babu kuma wanda ya ce masa ka yi gaskiya. Baffa ya ba da fili a kan tudu aka buɗe sabuwar maƙabarta. Ya ce ruwan bana ne ya yi yawa, ba zai sake ba. Da rani ya yi, motoci suka dawo, suka ɗan matsa gaba kaɗan. Kaburburan da suka tafi na mutanen da ne, waɗanda babu mai tuna sunansu. Na Inna ya zama shi ne a layin gaba. Tsakaninsa da bakin gaɓa saura 'yar tazara, wadda ba ta fi a kwantar da mutum ɗaya a bar ɗan wuri ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, na dawo gida jinya. Yaya ya yi ƙoƙari, shi ya kai shi asibiti a Gwarzo, shi ya sayi magani, Allah ya saka masa. Wata rana bayan la'asar Liman ya zo dubiya, ina zaune ina yi wa Baba fifita. Sai ya ce mu matso.

"Liman, ka zama shaida. Uwata, ki riƙe. Idan na mutu, kada a kai ni tudu. A sa ni a tsohuwa, tsakanin uwar yaran nan da ruwa."

Liman ya ce, "Malam, ai wurin nan..."

"Na san wurin, na fi kowa saninsa. Ina raye na yi magana ba a ji ba. Amma idan ina kwance a can, yaron nan ba zai sa shebur a ƙarƙashin ubansa ba. Mai unguwa ma zai ji kunyar mutane. In aka daina tono, jema za ta kama, gaɓar za ta tsaya." Ya yi murmushi, ya ce, "Gadi na iya. Shi zan koma."

Liman ya ce Allah ya ba da lafiya, in sha Allahu za a yi yadda ya ce. Na tambayi Baba ko in kira Yaya ya ji da kunnensa. Ya ce a'a, ba zai iya kallon idonsa ya faɗa ba, in gaya masa kamar yadda na saba. Na gaya wa Yaya a ranar. Ya ce, "Ki ce masa na ji."

Ranar Laraba, ana cikin yi masa wanka, na ji ana cewa masu haƙa sun tafi tudu. Na yafa mayafi na fito har bakin zaure, abin da ban taɓa yi ba a gaban maza. Baffa yana nan, da Yaya, da Liman. Na durƙusa na ce, "Baffa, Baba ya bar wasiyya. Liman shaida ne. Yaya ma ya sani."

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "An yi haka. Amma ana duba maslaha."

Yaya bai ɗago ba.

Baffa, idonsa jawur, ya ce, "Ke yanzu so kike in kai ɗan'uwana can? Gaɓar da ba za ta kai damina biyu ba? In sa shi da hannuna ruwa ya tone shi, karnuka su ja? Wallahi ba da ni ba!"

Na ce, "Baffa, ashe kun san za ta faɗi."

Na ƙara da cewa, "To Inna fa? Ita da ke can?"

Baffa ya share fuska da gefen rawaninsa ya ce, "Tashi ki shiga ciki. Maganar binne mamaci ba hurumin mata ba ne."

Na tashi na shiga. Ina daga ciki na ji an ɗaga makara, na ji Liman yana cewa duk wanda marigayi ya yi wa laifi ya yafe masa, na ji jama'a sun amsa sun yafe. Ban ji an tambaya ko shi ya yafe ba.

Na yi ta juya abin a raina. Na san Baffa yana son ɗan'uwansa, kuma tsoron da ya faɗa tsoro ne na gaske. Amma hanya biyu ce a gabansu ranar: su sa shi inda ya ce su daina tono, ko su ci gaba da tono su kai shi inda ba zai tsare musu hanya ba. Sun zaɓa, kuma suna kuka suka zaɓa. Shekara da shekaru suna ce masa gaɓa ba za ta faɗi ba. Ranar da suka yarda da maganarsa, da ita suka karya masa wasiyya.

Yaya ya dakatar da motoci saboda makoki. Kwanakin nan unguwa ta yi tsit, har kukan tsuntsayen bakin kogi muna ji daga tsakar gida. Washegarin sadakar bakwai, ina ɗaure kayana zan koma Kabo, na ji ƙarar tifa ta gangara.

Ban bi hanyar tasha kai tsaye ba, na zaga ta bayan gari. Ban shiga maƙabarta ba, na tsaya daga kan hanya inda ake hango ta. Na gane kabarin Inna da fasasshiyar tukunyar da aka kifa a kansa. Jemar Baba tana nan a bakin gaɓa, rabin saiwarta na lilo a iska. A ƙasa ana lodi, mai ɗingishin nan yana cikinsu. Da ya hango ni ya ajiye shebur ya juya baya, ya tsaya haka har na wuce. Gabas ta fara haɗa hadari.

Ya Allah, Ka yi wa Baba rahama a inda aka sa shi, Ka yalwata masa, Ka ba shi ladan jemar da ya dasa da ruwan da ya shayar. Ka tsare mana Inna, domin Kai kaɗai Ka rage mata.

Wurin da ya zaɓa yana nan tsakaninta da ruwa, daidai tsawon mutum, babu kowa a ciki.